Ɗakin da Na Cire wa Sakata

Abin da ake faɗa a unguwarmu ta Tahaggart shi ne wai ni Fasuma na buɗe wa yayana ɗakin allura, wai sangartar da na yi masa ce ta ruɓar da hannunsa. Masu faɗar haka sun ɗauki ƙarshen labarin sun sa a farko. Hannun Yaya Laminu bai ruɓe a ɗakina ba. A kango ya ruɓe, bayan mutanen kirki sun taru sun kore shi daga inda ido ke ganinsa. Na rubuta wannan don duk wadda take da ɗan'uwa irin nawa a garin nan ta san abin da ke gabanta, kuma don na gaji da maimaita shi ga kowace mai zuwa sayen shinkafa tana leƙen bayan labulena.

Mu 'yan Matamaye ne. Yaya ya riga ni zuwa Tamanrasset, yana aikin gini, ɗaukar bulo da kwaɓa siminti. Ni na biyo shi bayan na gama kolej na rasa abin yi, ina dafa shinkafa da wake ina kai wa ma'aikata a shantiye, wato wurin gini, da rana. Babbanmu a nan shi ne Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyarmu, mai shagon atamfa da turare, wanda Larabci ya zauna a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ina haya ɗaki guda a gidan Tanti Raishita, wata dattijuwa 'yar Agadas. Yaya kuma yana kwana a gidan samarin garinmu, inda ake jerewa a tabarma kamar buhunan gero.

Daga kan katakon gini ya faɗo ya bugu a baya. Mai aikin yini ba shi da hutun jinya, sai wani ya ba shi tramol ya tashi ya koma aiki. Daga tramol ya wuce zuwa wata ƙwaya da suke narkawa su ja a allura. Ban san ranar da ya koma haka ba, bai taɓa gaya mini ba. Na dai ji ne ranar da ya shiga bayan gida a gidan samari, ya sa sakata, aka yi ta bugu bai amsa ba, har aka ɓalle ƙofar aka same shi a zube da allurar a hannu. Suka jawo shi waje, suka yi ta girgiza shi, Allah ya sa da sauran kwana.

Washegari aka yi zama, Kawu ne a gaba. Dokar gidan samari ɗaya ce: duk abin da zai jawo polis, mai shi ya fita. Ban ga laifin tsoronsu ba. Mun san yadda ake kwasar gida guda a zuba a mota a sauke mutane a bakin iyaka su taka da ƙafa zuwa Asamaka. Aka ƙone alluransa a gawayin shayi, aka ajiye masa jakarsa a ƙofa. Kawu ya je wurin mai farmasin unguwa, abokinsa ne, ya roƙe shi kada ya ƙara sayar wa Laminu allura. Ni kuma ya gargaɗe ni kada in bar shi ya taka ɗakina. Hujjarsa ita ce idan ya rasa wurin yi da abin yi, dole ya daina. Kowa ya ce Kawu ya yi hikima.

Bai daina ba. Ya koma wani kango a hayin kori, ƙetaren busasshen rafin garin, ginin da aka fara aka bari, shi da wani Ilya ɗan Kance da wani na uku da ban taɓa sanin sunansa ba. Allura ɗaya suke yi da ita su ukun. Idan ta dakushe su wasa ta a gefen kwalin ashana. Ruwan da suke narka ƙwayar kuwa daga durom ɗin kwaɓa siminti suke ɗiba. Duk wannan daga baya na sani.

Satin farko na ciwon, abin da na lura da shi kwano ne. Na miƙa masa shinkafa a shantiye ya karɓa da hagu. Yayana da ya taɓa marina saboda na miƙa wa baƙo ruwa da hagu. Ga riga mai dogon hannu cikin wannan zafi. Ban tambaye shi ba, na kama rigar na ja sama. Gwiwar hannunsa ta dama daga ciki ta kumbura kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata, tana sheƙi, da zafi kamar murfin tukunya. Ya ce ƙusa ce ta soke shi. Na ce ƙusar ta iya zaɓen wuri. Na rufe tukunyata na tasa shi gaba har ɗakina, Kawu ya yi abin da zai yi.

Daga nan masu shawara suka fito. Tanti ta ce a kwaɓa lalle da kanwa a shafa, aka shafa. Wata maƙwabciya ta ce kunama ce, a ɗaure sama da tsumma. Kawu ya zo da fushinsa, ya ga hannun, fushin ya koma tsoro, sai ya aika aka kira wanzami ya yi masa sakiya. Wanda bai taɓa ganin sakiya ba, ƙarfe ne ake gasawa ya yi ja a soka a kumburi. Yaya ya ciji zanen gado, ruwa mai wari ya fito, kowa ya ce alhamdu lillahi, mugunya ta fita. Kafin kwana ya zagayo kumburin ya dawo ya fi na da, ga zazzaɓi yana kaɗa masa haƙora.

Muka tafi likita da Kawu, tun bayan sallar asuba muke kan layi har rana ta take. Zan faɗi gaskiya, ba wanda ya karɓi ko dinari kafin a duba shi, kuma ba wanda ya tambayi takardunsa. Amma ka zauna kana kallo ana shigar da wanda ya zo bayanka, ka yi shiru saboda ka san matsayinka. Da aka kira mu, wani malamin asibiti ne, da Larabci yake magana, Kawu ne ke amsawa. Larabcina na cinikin tumatir ne, amma na kama kalma ɗaya da Kawu ya yi ta maimaitawa, mismar. Aka yi wa Yaya allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya soka, aka wanke ciwon aka yi pansama, wato aka naɗe shi da bandeji, aka rubuta ƙwayoyi, aka ce mu tafi. A cikin taksi na tambayi Kawu mene ne mismar. Ya ce ƙusa. Na ce ai ya san ba ƙusa ba ce. Ya juyo ya dube ni, ya rage murya saboda direba.

"Kina so a rubuta a takarda? Kina so a kwashe mu duka saboda mutum ɗaya?"

Ban yarda ba, amma haka muka koma gida.

Sati na biyu shi ne wanda ba na son tunawa. Wani jan layi ya taso daga ciwon yana hawa zuwa hammata. Yaya ya fara sambatu, yana kirana da sunan Inna, yana cewa in rufe akuya. Ban da wannan ga wani ciwo dabam a kansa: hamma ba iyaka, majina, gumi, gudawa, ƙafafu suna harbawa kamar ana yanka shi. Matan gida suka ce iska ce, Tanti ta turara ɗakin har muka rasa numfashi, aka karɓo rubutu ya sha. Ba ni da ƙorafi a kan rubutu. Amma na lura duk ranar da na tafi shantiye na dawo, sai in same shi ya natsu, iskar ta kwanta, ƙafarsa da ƙurar kori, hannun kuma ya ƙara muni. Iskar tana da wurin zuwa, kuma ta san lokacin da nake fita.

Na daina dafa abinci. Ranar da ya kasa ɗaga kansa, ban gaya wa Kawu ba, na roƙi mijin wata maƙwabciya ya taya ni muka sa shi a taksi.

Wannan karon likita mace muka samu, 'yar arewacin ƙasar nan, ba ta kai Inna shekaru ba, fuskarta a gajiye. Na ji tana yi wa wani magana da Faransanci, sai na ce yau lekkol, bokon da na yi, za ta yi mini amfani. Ta kwance pansamar, ta ja baya kaɗan saboda wari, ta duba takardar wancan zuwan ta ce ƙusa. Ƙofar ofishin a buɗe take, kuma daga inda nake tsaye ina hango ɗan polis ɗin da ke zaune a bakin hanyar shiga, hularsa a kan gwiwa. Na ce mata ba ƙusa ba ce, madam, allura ce, shi yake yi wa kansa.

Ta dube ni. Ta tashi ta nufi ƙofar, na ce a raina shi ke nan, na kashe mu. Sai ta tura ƙofar ta rufe, ta dawo ta zauna. Ta fara tambaya kamar mai ciniki: tun yaushe, allurar wa, su nawa, da wane ruwa. Ina juya wa Yaya yana amsawa idonsa a rufe, a nan na fara jin labarin kango da durom. Da na faɗi sakiya sai da na kwatanta da hannu, ta dafe goshi. Ta ce ita likita ce, abin da ke cikin hannu take rubutawa. Sannan ta faɗi maganar da har yau take yi mini yawo a ka, wai da an faɗi gaskiya a zuwan farko, da 'yar ƙaramar wuƙa ta isa.

Ranar aka shiga da shi aka tsaga hannun aka kwashe ruɓaɓɓen nama. Da aka fito da shi ta ciro biro daga aljihu ta zana layi a fatarsa, ta zagaye iyakar jan da ke kusa da kafaɗa. Ta ce in duba da kyau. Idan jan ya tsallake wannan layi, hannun zai tafi, don a ceci mai hannun. Mai ɗaukar bulo, hannun dama.

Sati na uku na yi shi ina kallon layin biro. Mace ba ta zama a ɗakin maza sai lokacin ziyara, don haka nake tsayuwa a bakin ƙofa da kwanon kunu tun kafin a buɗe, da an buɗe ba na gaishe shi, kafaɗar nake fara buɗewa. Jan ya matso. Ya matso har ya taɓa layin ta wajen hammata, ya zauna a nan kamar yana shawara. Wasu magungunan babu su a asibitin sai a farmasi, jarin shinkafata ya tafi a nan, 'yan kunnena suka bi shi. Kawu ya zo, ya ji abin da na faɗa wa likita, bai yi mini magana ba, ko kallona bai yi ba. Amma ya zare takardar magani mafi tsada daga hannuna ya fita, ya dawo da leda cike ya ajiye a gefen gado. Allah ya saka masa. Shi ya kusa jawo a yanke hannun, shi ya sayi maganin da ya tsare shi, kuma ban san yadda zan raba waɗannan biyun ba.

Jan ya fara ja da baya. Ban gama murna ba sakamakon jini ya fito, likita ta ce allurar taron ta bar masa ciwon hanta, irin wanda ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. Ta ce yana da magani, amma sai an bi shi da zuwa a kai a kai.

Iskar nan kuwa ba ta bar shi ba. Suna ba shi abin da zai rage, bai isa ba. Yana roƙona in je wurin Ilya, yana zagina, yana ba ni haƙuri, duk a ziyara ɗaya. Wata rana bayan azahar na shigo da kunu na tarar da gado ba kowa. Robar ƙarin ruwa tana lilo tana ɗiga a ƙasa. Mai gadon kusa da nasa, wani tsoho mai karaya, ya nuna mini taga da haɓa. Yaya ya fita da 'yar robar da aka sa masa a jijiyar hannun hagu, hanya a buɗe har cikin jini.

Wanda ya san Tamanrasset da tsakar rana ya san ba kowa a titi, shaguna a rufe, ko kare ya nemi inuwa. Na gudu. Takalmina ɗaya ya tsinke a cikin yashin kori na bar shi. Ban san wane kango ba ne, suna da yawa a hayin, duka iri ɗaya, bulo da ƙarafa a tsaye. Abin da ya nuna mini shi ne Ilya, na gan shi ya fito daga wani a guje yana waige, ya wuce ni kamar bai san ni ba.

Yaya yana jingine da bango, kansa a ƙirji. Leɓunansa sun koma kalar toka. Numfashin sai ya ja ɗaya da minshari, ya tsaya, ka ce ba wani, sannan wani ya zo. Na mare shi, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba sai a wannan jinya. Na kwantar da shi na hura masa iska a baki yadda aka taɓa nuna mana a kolej da 'yar tsana muna dariya. Na ja shi da ƙafa har bakin hanya. Taksi biyu suka rage gudu, suka ga baƙar mace ba takalmi da mutum a kwance, suka ƙara wuta. Wanda ya tsaya wani dattijo ne mai rawani, da buɗaɗɗiyar mota cike da kayan lambu daga Tahifet. Bai tambaye ni komai ba. Muka ɗora Yaya a kan buhunan albasa, na hau ina ci gaba da hura masa. Ya yi amai a kan kayan mutumin. A ƙofar asibiti na ce ya tsaya in nemo abin da zan ba shi, ya ɗaga hannu ya ja motarsa. Ban san sunansa ba. Ina sa shi a addu'a da sunan mai albasa.

Sun farfaɗo da shi. Likitar ta fito ta same ni zaune a ƙasa a baranda, ta yi faɗa sosai, ban san ko da ni take ko da shi ko da asibitin ba. Da ta huce ta zauna a benci ta ce jikin da ya kwana biyu bai samu ba ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka, ga shi ya haɗa da wasu kafso, kuma da na tsaya neman takalmina da gawa zan tarar. Sai ta ce a wasu ƙasashe akwai ɗaki da aka ware don irinsu. Mutum ya zo da abinsa, a ba shi sabuwar allura da ruwa mai tsabta, ya yi a gaban malamar jinya, idan ya zube a tashe shi. Ƙofar ba ta da sakata.

Na ce mata wannan ai hauka ne, hukuma da kanta ta shimfiɗa wa mutum tabarmar yin haram. Ta ce can ma faɗan da ake yi ke nan. Maƙwabta ba sa son ɗakin kusa da su, masu sayarwa suna taruwa a kewaye, wasu na cewa kuɗin gara a sa shi a wurin raba mutane da abin gaba ɗaya, kuma ba ƙarya suke yi duka ba.

"Ɗakin ba ya warkar da kowa," in ji ta. "Yana dai riƙe mutum da rai har ranar da zai nemi warkewa. A nan babu shi. Kuma ban ce ki yi komai ba."

Na tambaye ta maganin dainawa. Ta ce wanda ya fi aiki ga irinsa sai manyan garuruwan arewa, mu kuwa ko shingen jandarma na farko ba za mu wuce ba. Amma akwai wani abokin aikinta da ke ganin masu wannan matsala ranar Laraba, za ta yi masa magana.

Aka sallame mu a sati na biyar. Hannun ya tsira, sai dai yatsu biyu ba sa lanƙwasawa, ga rami a gwiwar hannun da ake cusa wa auduga duk zuwan pansama. Ranar da muka dawo, ina hura wuta, na ga ya fita ya dawo, ya shige ɗaki, sai na ji ƙarar sakata daga ciki. Na bar wutar na ruga ƙofar. Na buga, na buga, sai da na ce zan yi ihu in tara gida sannan ya buɗe. Na wuce shi na ɗauko wuƙar yanka albasa, na durƙusa na kwance ƙusoshin sakatar ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Na ce idan zai yi, ya yi a nan, ina zaune.

"Ke ƙanwata ce, Fasuma. Ni na goya ki zuwa gona."

"Ni kuma na ɗauko ka a cikin albasa, Yaya. Mun yi daidai."

Ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska da hannun mai lafiya. Na bar shi ya gama. Sannan na faɗa masa sharuɗɗana. Ba na saye, ba na ba da kuɗin saye, ba na taɓawa. Allura sabuwa kowane karo, ni zan nemo a farmasin da ba su san Kawu ba. Ruwa dafaffe, auduga da alkol na goge fata. Ba kafso a kai. Wadda aka yi amfani da ita ta shiga gora a rufe, in kai asibiti ranar pansama. Ba ya yi sai ina nan. Laraba kuma zai je wurin likitan nan ko da jan ƙafa ne.

Da zafin kaina na je na kwance sakatar bayan gidan tsakar gida ma. Nan ne na yi wauta, don matan gida a nan suke wanka. Tanti Raishita ta fito da zane a ƙirji tana tambayar wane ɗan iska ne, na ce ni ce, ta sa na mayar da ita a gaban kowa, kuma kafin magariba gidan duka ya san dalili. Daga gidan unguwa ta ɗauka.

Yanzu ga abin da wannan ɗaki ya ci mini. Ina zama ina kallon yayana yana neman jijiya, kuma ba ranar da abin ya zama mini sauƙi. Bayan ya gama ina zama ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, shinkafa tana ƙonewa a waje. Masu sayen abincina sun ragu, wasu na cewa ba su san abin da nake zubawa a miya ba. Duk motar polis da ta shigo layinmu sai in leƙa ta labule har ta wuce, don wannan ba maganar Asamaka ba ce kawai, maganar kaso ce, gidan yari. Kuma bai daina ba. Kawu ya ce na sauƙaƙa wa Yaya, na cire masa wahalar da za ta sa ya tuba, kuma ba zan iya rantsewa cewa babu gaskiya ko kaɗan a maganarsa ba.

Ga kuma abin da ya ba ni. Tun da muka dawo ba sabon kumburi. Ramin hannun yana cikowa. Sau ɗaya ya zube, ina wurin, na juya shi na yi ta kiransa har ya dawo, ba kori, ba taksi. Yana cin abinci. Laraba wata ya je, wata ya ƙi, wadda ya ƙi mun yi faɗa har Tanti ta leƙo. Ya ce ya rage. Ban yarda da bakinsa ba, amma alluran da nake sayowa sun fara kwana.

Sai ga Ilya. Da hantsi ya zo, yana ɗingishi, ƙafarsa ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Ya tsaya a bakin labule ya ce ya ji labari, shi ma in bar shi ya riƙa yi a nan, ba zai dame ni ba. Na ce kai da ka gudu ka bar shi yana mutuwa. Ya ce da ya tsaya wa zai kira, polis? Tanti tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai.

Da yamma ta kira ni ɗakinta ta zuba mini shayi. Ta ce ɗiyata, ɗaya ɗan'uwanki ne, na kau da kai. Na biyu ya zo, na uku yana hanya, ni kuwa ina da jikoki da 'yan haya marasa takarda. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ban yi mata musu ba, don lissafinta daidai ne. Kawu ya ji, ya zo da tasa mafitar: zai biya mota a mayar da Laminu gida, a huta. Na ce Kawu ku yi haƙuri, mutumin da ya fita ta tagar asibiti da roba a hannu, a In Gezzam zai sauka ya ɓace, idan ya daure a Arlit. Maganin hantarsa yana nan, likitan Laraba yana nan. Kun gwada korarsa sau ɗaya, na ga inda ya je. Ya ce to ni Fasuma na cire kaina daga hannunsa. Na ce na ji. Ya tashi, a bakin ƙofa ya tsaya ya tambayi ko akwai sauran maganin pansama, sannan ya tafi.

Ilya ba zai shiga ɗakina ba. Ni ba asibiti ba ce, mutum ɗaya nake iya kallo, kuma ranar da suka zama biyu polis za su zama na uku. Na ba shi sababbin allurai daga na Yaya, na ce kada ya ƙara yi shi kaɗai ko da wa zai zauna masa. Laraba zai bi mu, ni zan yi masa tafinta, kuma na gaya masa tun yanzu kalmar ƙusa ba za ta fito daga bakina ba.

Na samu wani ɗaki a ƙarshen unguwa, kusa da kori, inda maƙwabta suka yi nisa. Juma'a za mu tashi. Mai ɗakin ya zagaya da ni yana yabon kayansa, ya rufe ƙofar daga ciki ya nuna mini sakatar, sabuwa, mai kauri, ya ce ko jandarma sai sun yi gumi kafin su ɓalle ta. Na ce masa ta yi kyau. Wuƙar albasa tana cikin tukunya, a saman kaya, ita zan fara saukewa.